Kyanwar da Ba Ta Amsa Kira

Ba a zuwa kasuwa neman irin wannan kyanwa, tsintar ta ake yi. Yaro ya dawo daga makarantar allo da ita a cikin riga, ko mai shago ya buɗe da safe ya tarar da ita a bayan buhuna, ko uwargida ta kwana tana jin kuka daga kangon maƙwabta har ta gaji ta aika a dubo. Sai a shigo da wata 'yar mitsitsiyar halitta, ido duk kwantsa, ciki a kumbure, ƙuma ta cika jiki. A zuba mata madara a murfin kwano, a ce ta kwana zuwa gobe. Goben nan ce takan zama shekaru.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai a fara lura da wani abu. Tukunya ta suɓuce ta faɗi, kowa ya zabura, ita tana barcinta. An tayar da janareta a gefenta, ko gezau. Yara sun yi ta kiran "mus-mus" har sun gaji, ba ta waiwayo ba. Ga shi kuma in ta buɗe baki, kukanta ya fi ƙarfin jikinta. Daga nan sai wani a gidan ya yanke hukunci: "Ai wannan kurma ce." A gidaje da yawa, abin da ke biyo bayan wannan magana shi ne buhu da bayan gari, domin a ganin mutane kyanwar da ba ta ji ba za ta kama ɓera ba, wadda ba ta kama ɓera kuwa ciyar da ita asara ce.

Kuskure biyu ne a nan. Sau da yawa an yi gaggawar hukuncin, kunnen lafiyarsa ƙalau ko kuma matsalarsa mai magani ce. In ma kurumtar ta tabbata, ba ita ke kashe kyanwa ba. Ƙofar gida a buɗe ce ke kashe ta, da tayar babur, da magungunan da mu da kanmu muke ajiyewa a kan taga.

Daren farko

Maganar kunne ba ta gaggawa ba ce. Abin da ke gaban wanda ya tsinci jinjirar kyanwa shi ne ta kai gobe da rai.

Tun kafin a ɗauka ma, ya kamata a tabbatar marainiya ce. Uwar kyanwa takan sauya wa 'ya'yanta maɓoya, kuma ɗaya bayan ɗaya take ɗaukar su a baki, don haka wadda aka gani ita kaɗai tana iya kasancewa jiran dawowar uwa take yi. In jikinta da ɗumi, cikinta a cike, babu kare ko mota kusa, gara a ja da baya a ba uwar 'yan sa'o'i. In kuwa ta yi sanyi, ta rame, tana ta kuka babu ƙaƙƙautawa, to babu sauran jira.

Sanyi ya fi yunwa saurin kisa. A makonni uku zuwa huɗu na farko jinjirar kyanwa ba ta iya riƙe ɗumin jikinta da kanta, jikin uwa da na 'yan uwanta ne bargonta. A lokacin hunturu dare ɗaya a kan siminti ya isa. Kwali, tsohon zani, da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma sun wadatar, kuma sai ta ɗumama ake ba ta abinci, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai. Madarar gwangwani da nonon saniya, waɗanda su ne hannu ya fi kai wa, zawo suke sa ta, zawo kuwa ga halittar da aka haifa da nauyin giram 100 kacal ba ƙaramin abu ba ne. Akwai madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, ana samun ta a wajen masu sayar da magungunan dabbobi a manyan garuruwa. Ana ba ta da sirinji marar allura, tana kife a kan cikinta, ba rigingine ba, duk bayan sa'a biyu zuwa uku. Bayan ta sha sai a goga mata ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi, saboda a wannan shekarun ba ta fitsari ko kashi sai uwa ta lashe wurin. Mai lafiya takan ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana. Daga mako na huɗu take fara lasar abinci mai laushi.

A yi wa kunnen adalci

Duk kyanwar duniya a kurma ake haihuwarta, kuma a makance. Idanu kan buɗe wajen kwana 7 zuwa 10, ramin kunne kuma sai ya kusa mako biyu yake gama buɗewa, sannan a ɗauki wasu makonni kafin ta iya gane inda sauti ke fitowa. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke kan wadda ba ta cika wata guda ba, zato ne kawai. Haka ma wadda yunwa da tsutsar ciki suka galabaitar: ba rashin ji ke hana ta motsi ba, rashin ƙarfi ne. Akwai kuma mai tsoro, wadda ta taso a kango ba ta san mutane ba, in ta ji ƙara sai ta daskare wuri ɗaya.

Gwajin gida yana da ƙa'ida, kuma yawancinmu mukan karya ta. Mutum ya tsaya gaban kyanwa ya tafa hannu, ta ƙifta ido, sai ya ce tana ji, alhali hannun ta gani, iskar kuma ta taɓa gashin bakinta. Wani ya buga ƙafa a ƙasa ta farka, ya ce ai ga shi nan, alhali girgizar daɓe ce ta ratsa tafin ƙafarta. Daidai shi ne a bari ta yi barci ko ta juya baya, a tsaya nesa kaɗan inda ko inuwa ba za ta gani ba, a kaɗa makullai ko a murza leda, a zuba wa kunnuwan ido. Kunnen kyanwa mai ji ba ya iya yin shiru, ko tana barci sai ya motsa ya juya wajen sautin. A sake gwadawa a ranaku dabam-dabam, da sauti mai kauri da kuma siriri. Siririn ya fi muhimmanci, domin nan ne gwanintar kyanwa take: kunnen mutum yana tsayawa a sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, nata yana wuce 60,000. Da wannan take jin tsuwar ɓera a cikin rufi alhali mu ba mu ji komai ba.

Sai a leƙa cikin kunnen. 'Ya'yan kyanwa na titi da yawa suna ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai, masu zama a ramin kunne. Alamarsu baƙin datti mai kama da garin gawayi, da yawan susa, da kaɗa kai. Dattin yakan taru har ya toshe ramin, kuma susa kan jawo ƙwayoyin cuta su shiga, kunne ya yi ruwa ya yi wari. Wani lokacin kuma tsiro ne ke fitowa daga tsakiyar kunne, wanda likita kan cire. Duk waɗannan suna rage ji, kuma duk suna da magani.

A nan ne kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Wani ya ɗiga man gyaɗa, wani kananzir, wani ya ɗauko ragowar maganin kunnen da aka saya wa yaro bara. Magungunan ɗigawa da yawa suna ɗauke da sinadarai irin su jentamaisin da niyomaisin, waɗanda in dodon kunne ya fashe sukan ratsa ciki su lalata jijiyoyin ji har abada. Likitan dabbobi yana da abin haska kunne da zai ga ko dodon kunnen yana nan lafiya kafin ya rubuta komai. Kyanwar da ta zo da toshewar kunne ta mako biyu tana iya zama kurma ta dindindin a hannun mai tausayinta.

Fari da shuɗi

In kunne a tsabtace yake, kyanwa ta wuce wata biyu, kuma har yanzu shiru, to sai a dubi launinta. Fara ce fat? Idanunta shuɗaye ne?

Tun a 1859 Charles Darwin ya ambaci wannan alaƙa a littafinsa kan asalin jinsunan halittu, a matsayin misalin yadda siffofi biyu da ba su da wata dangantaka a zahiri suke tafiya tare a gado. A bugun farko ya yi wa duk kyanwa mai shuɗin ido kuɗin goro, daga baya ya gyara ya taƙaita maganar ga farare, ya kuma ce galibi ne ba duka ba. Gyaran ya yi daidai. Kyanwar Siyam, alal misali, shuɗin ido gare ta amma tana ji sarai, domin nata shuɗin daga wata hanya dabam ya fito.

Alƙaluman da Cibiyar Lafiyar Kyanwoyi ta Jami'ar Cornell a Amurka take bayarwa su ne: cikin fararen kyanwoyin da idanunsu ba shuɗaye ba, kashi 17 zuwa 22 cikin 100 ake haifa kurame. In ido ɗaya shuɗi ne, abin ya kai kashi 40. In duka biyun ne, kashi 65 zuwa 85. Mai ido kala biyu, in kunne ɗaya ne ya mutu, galibi na ɓangaren shuɗin idon ne.

Dalilin yana da ban mamaki. Farin gashin nan ba launi ba ne, rashin launi ne. Tun a cikin mahaifa akwai wasu ƙwayoyi masu samar da launi da ke tasowa daga gefen lakar gadon baya su bazu zuwa fata da ido, wasu kuma su shiga can cikin kunne, cikin wani naɗaɗɗen bututu da za a iya kira katantanwar kunne. A fata aikinsu rini ne. A kunne kuwa aikinsu daidaita gishirin fotasiyam da ke cikin ruwan katantanwar, wanda da shi ne siraran gasun da ke ciki suke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayar gadon da ke sa kyanwa ta fito fara fat tana hana waɗannan ƙwayoyi isa inda za su. Ba su isa fata ba, gashi ya yi fari. Ba su isa ido ba, ya tsaya shuɗi. Ba su isa kunne ba, sai siraran gasun su mutu cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba sa sake tsirowa. A 2014 masu bincike suka gano cewa asalin abin wani guntun tsohon bairos ne da ya maƙale a cikin ƙwayar gado mai suna KIT, kyanwoyi suka yi ta gadonsa. Babu ciwo a cikin wannan kurumta, babu kuma magani. Ba maita ba ce, ba aljanu suka shafe ta ba, ba kuma wani ne ya mare ta ba.

Sai dai a yi hattara da shuɗin idon jarirai. Duk 'ya'yan kyanwa da shuɗin ido suke buɗe ido, sai wajen mako shida zuwa bakwai launin gaskiya ke fara bayyana. Kuma kyanwa mai kowane launi tana iya kurumcewa ta hanyar ciwo, rauni, magani ko tsufa.

Tabbaci na ƙarshe yana wajen na'ura. Gwajin da ake kira BAER shi ne ake saka wa dabba 'yan siraran wayoyi a fatar kai, a aika ƙara cikin kowane kunne dabam, kwamfuta ta nuna ko saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. George Strain na Jami'ar Jihar Louisiana, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin kurumtar karnuka da kyanwoyi, yana cikin waɗanda suka yaɗa amfani da shi. Wannan gwajin kaɗai ke iya tabbatar da kurumtar kunne ɗaya, domin mai kunne ɗaya tana amsa kira, illa dai takan yi ta waige-waige ba ta san daga ina aka kira ta ba. Ba kowane asibitin dabbobi ke da na'urar ba, kuma a gaskiya mai riƙon kyanwa ɗaya a gida ba ya buƙatarta. In gwajin gida ya nuna shiru sau da yawa, a ɗauke ta a matsayin kurma a tsara mata rayuwa a kan haka. Waɗanda ya kamata a matsa wa lamba su ne masu kiwo don sayarwa. A Turai akwai ƙungiyoyin masu kiwon kyanwoyi da ba sa yarda a yi kiwo da farar kyanwa sai da takardar likita cewa tana ji. Yanzu da ake tallar fararen kyanwoyi masu dogon gashi a Instagram da WhatsApp a garuruwanmu da kuɗi masu kauri, mai saye yana da haƙƙin ya kaɗa makullai kafin ya biya.

Abin da ido ya karɓa

Ana yawan cewa wanda ya rasa ji yakan fi kowa gani. Kyanwoyi ne suka ba da ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan haka. A 2010 Stephen Lomber na Jami'ar Western Ontario a Kanada, tare da Alex Meredith da Andrej Kral, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi tsakanin kyanwoyin da aka haifa kurame da masu ji. Kuramen sun fi gano abin da ya ɓullo ta gefen ido, sun kuma fi saurin lura da ɗan ƙaramin motsi. Da masu binciken suka sanyaya wasu sassan ƙwaƙwalwa da aka san na ji ne don su dakatar da aikinsu na ɗan lokaci, sai wannan fifiko ya ɓace. Ashe sashen jin bai zauna banza ba, ya koma yi wa ido aiki.

Fararen kyanwoyi kurame sun kuma yi wa ɗan Adam hidimar da kaɗan ne suka sani. Da su aka yi nazarce-nazarce masu yawa kan na'urar ji da ake dasawa a cikin katantanwar kunne. A 2005 David Ryugo da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa in aka dasa wa 'ya'yan kyanwa kurame na'urar tun suna ƙanana, mahaɗan jijiyoyin jinsu sukan dawo kusan yadda suke a masu ji. Irin wannan bincike yana cikin abin da ya ƙarfafa shawarar likitoci cewa yaron da aka haifa da matsalar ji a duba shi da wuri, kada a tsaya jiran ya girma.

To, za ta kama ɓera? Tambayar ba ta raini ba ce. A gidan da ake ajiye hatsi, kyanwa ma'aikaciya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Amsar ita ce tana kamawa, da ido da hanci da gashin baki da girgizar da take ji a ƙafa. Ba za ta kai mai ji ba a cikin duhu, amma ba kyanwar Lami ba ce.

Gida irin namu

Shawarar likitocin dabbobi a ko'ina ɗaya ce: kyanwa kurma ba ta yawon waje. A gidan bene mai ƙofa ɗaya wannan abu ne mai sauƙi. A gida mai zaure da tsakar gida, inda almajiri ke shiga da fita, yara na wasa, katanga gajera, ƙofa ba ta rufuwa sai bayan isha'i, aiki ne ja. Amma a duba abin da ke jiran ta a waje. Ba ta jin hon ɗin babur ko A Daidaita Sahu. Ba ta jin takun kare a bayanta, ko gurnanin muzurun unguwa kafin ya kai mata hari, ko ihun yaran da ke jifa. Da sanyi kyanwoyi sukan shige ƙarƙashin mota ko cikin injin don ɗumi. Mai ji takan fice da zarar an buɗe ƙofa, ita kuwa sai dai maigida ya saba bubbuga bonet ya leƙa ƙasa kafin ya murza makulli. In kuma ta ɓata, kira ba zai dawo da ita ba.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne a ware mata ɗaki ko sashe mai ƙofa, a sa raga a taga, ta riƙa fitowa tsakar gida in akwai mai sa ido. A ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya, ba don ita ba, don mutanen gida su san inda take, amma da igiyar da za ta tsinke ko ta zame in ta sarƙe a ƙusa. A ajiye mata roba da yashi don bayan gida, a riƙa kwashewa kullum. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, saboda akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya cutar da ɗan tayi.

Zama da ita sai an koyi sabuwar hanyar magana, kuma ita ta fi mu saurin koyo. Alama ɗaya ta hannu da ake yi kullum kafin a ajiye abinci, cikin 'yan kwanaki za ta zama kira. Da dare haska tocila a ƙasa sau biyu yana yin wannan aikin. In tana barci, kada a taɓa ta kwatsam. A bubbuga tabarmar da take kai, ko a kawo hannu kusa da hancinta ta shaƙi ƙamshin mutum ta farka a hankali. Yawancin yakushin da ake zargin kurma da shi daga firgita yake fitowa, don haka yaran gida su ne farkon waɗanda za a koya wa su zo mata ta gaba. Kukanta mai ƙarfi kuwa sai haƙuri, ba ta jin muryarta ne balle ta rage. Wasu sukan ji daɗin kwanciya a ƙirjin mutum yana magana, don girgizar muryar tana ratsa su. In akwai wata kyanwa mai ji a gidan, sai ka ga kurmar tana kallon kunnuwanta tana karanta abin da ke faruwa.

Akwai batun abinci, wanda a wajen kurma ya fi nauyi. Mun saba zuba wa kyanwa ragowar tuwo da shinkafa, mu bar ta ta cike gurbin da ɓera da ƙadangare. Wadda aka kulle ba ta da wannan damar. Kyanwa maciya nama ce ta asali, jikinta ba ya iya ƙera wani sinadari mai suna taurin yadda zai ishe ta, sai daga nama da kifi. Rashinsa yana lalata zuciya, yana kuma lalata bayan ido a hankali har ta makance. Kyanwar da ido ne duk jarinta, a ciyar da ita tuwo zalla, an yi mata mugun abu. Nama, zuciya, ƙundu, kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ko abincin kyanwa na kanti su ne abincinta. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa ba tata ba ce, domin suna fasa mata ƙwayoyin jini.

Sai kuma kantar magani. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin famatirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da ake fesa wa sauro a rufe ɗaki, da maganin wanke daɓe mai sinadarin fenol da za ta taka ta lashe a ƙafa, da shinkafar ɓera, ko ɓeran da ya ci ta ya fito yana tangaɗi, duk ajali ne. Waɗannan ba su san kurma ko mai ji ba, amma wadda ke kulle a ɗaki ta fi kusa da su.

Wajen likita

Kyanwar da aka tsinta, ba a san inda ta kwana ba, ba a san abin da ya cije ta ba. Ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma duk da cewa kusan duka daga karnuka ne, kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira alama, domin in alama ta bayyana magani ya ƙare. Ita kuma ana yi mata rigakafin wannan ciwo in ta kai wata uku. Tun daga mako shida zuwa takwas ake fara mata na murar kyanwa da na wata cutar amai da zawo mai kashe ƙanana cikin kwanaki, tare da maganin tsutsa. In gashinta yana zubewa a zagaye, makero ne, kuma yara suna ɗauka.

Wuraren zuwa suna nan: asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na jihohi, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tun 1924. Mun saba ganin wuraren nan na shanu da tumaki ne, har mutum yakan ji kunyar shiga da kyanwa a kwali. Babu abin kunya, aikinsu ne.

A wannan zuwan ne za a yi maganar haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin yana kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Lokacin neman namiji babu katangar da ke tsare ta, namijin kuma yawo da faɗa ne sana'arsa. Farin gado yana rinjayar sauran launuka, don haka a ƙiyasi akalla rabin 'ya'yan farar kyanwa farare za su fito, wasunsu kurame. Uwa kurma kuma ba ta jin kukan ɗan da ta danne ko wanda ya ɓace. A ganina fiɗiye namiji ko yi wa macen aikin hana haihuwa shi ne mafi girman alherin da za a yi wa irin wannan dabba bayan ceton ranta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya faɗa masa duka labarin, har da inda 'ya'yan da ba a so suke ƙarewa.

Wanda ya rufe ƙofa

Akwai wanda zai ce ai addini ya hana kulle kyanwa, ya kawo hadisin matar da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa ta shiga wuta saboda kyanwa. Amma a karanta hadisin har ƙarshe. Laifin matar shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Hadisin bai hana tsarewa don kariya ba. Abin da ya nuna shi ne duk wanda ya rufe ƙofa, ci da sha da lafiyar abin da ke ciki sun koma wuyansa gaba ɗaya. Wanda kuma ya ƙulle kurma a buhu ya jefar a bayan gari, inda ba za ta ji tahowar kare ba, kada ya yaudari kansa cewa sakin ta ya yi.

Ba baƙon abu ba ne a tarihinmu a ɗauki nauyin kyanwar da ba ta da kowa. Sahabin da aka fi ruwaito hadisi daga gare shi, alkunyarsa Abu Huraira daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ta samo asali. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma shaida wa surukarsa da ta yi mamaki cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ba najasa ba ce. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu guda a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin titi, kuma Baturen nan Edward Lane da ya zauna a birnin a ƙarni na 19 ya tarar har lokacin ana raba musu abinci kowace la'asar a harabar kotun babban alƙali.

Kyanwar da ake kula da ita a cikin gida tana kai shekara 12 zuwa 15, wasu su wuce, kuma kurumta ba ta rage ko ɗaya daga ciki. Wannan ne lissafin da ya kamata maigida da uwargida su zauna su yi tun a makon farko, kafin yara su raɗa mata suna: akwai ɗakin da za a rufe, akwai kuɗin nama da rigakafi, akwai wanda zai duba ta in an yi tafiyar Sallah? In amsar e ce, a riƙe ta. In a'a ce, babu laifi a faɗi gaskiya, amma a ci gaba da ciyar da ita har a samo mata wani gida, a tambayi 'yan uwa da maƙwabta da likitan dabbobi, kuma a gaya wa mai karɓa a fili cewa ba ta ji. Don Allah kada a sa ta a buhu.